Labari Ɗaya, Baki Daban-daban: Tarihin Kiɗan Shaharazad a Kan Faifai

Yau za mu ajiye littafi mu ɗauki faifai, amma ba za mu yi nisa da gida ba, domin wadda za mu yi magana a kanta kusan kowannenmu ya san ta. Shaharazad ce, 'yar waziri, wadda ta tsare wuyanta daga takobin Sarki Shahariyar da labari har dare dubu da ɗaya.

A Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar tara faya-fayan kiɗa guda. Sai ka iske kantar mutum cike da faifai, sunan kiɗan ɗaya, wanda ya tsara shi ɗaya, abin da aka rubuta wa makaɗa su bi shi ma ɗaya. Wanda bai sani ba zai ce almubazzaranci ne, tunda faifai guda ya isa. Daga cikin kiɗe-kiɗen da aka fi yi wa irin wannan tari akwai wanda ake rubuta sunansa a jikin faifai da Scheherazade, na Nikolai Rimsky-Korsakov, mutumin Rasha. Za mu bi tarihin naɗarsa tun daga zamanin garmaho, mu ga abin da masu tarin suke nema.

WANDA YA TSARA KIƊAN

An haifi Rimsky-Korsakov a 1844 a garin Tikhvin, ya rasu a 1908. Asalin aikinsa sojan ruwa ne. Daga 1862 zuwa 1865 yana cikin wani jirgin yaƙi mai suna Almaz, wanda ya kai shi Ingila da Amurka da Burazil. Saboda haka in ya siffanta teku a kiɗa, teku ce wadda ya kwana a kanta shekara da shekaru. Daga baya an naɗa shi mai duba makaɗan badujala na rundunar sojan ruwa, aikin da ya sa ya laƙanci halin kowane abin busa. Ya koyar a makarantar kiɗa ta birnin St. Petersburg tun daga 1871, kuma Igor Stravinsky na cikin waɗanda suka ɗauki darasi a wurinsa.

A 1888 ya rubuta Shaharazad, aka fara kaɗa shi a St. Petersburg kafin shekarar ta ƙare, shi da kansa yana jan ragamar makaɗan. Kiɗa ne zalla, babu baki ko ɗaya a ciki, kuma yana ɗaukar kimanin minti 45. Ya kasu babi huɗu: na farko teku da jirgin Sindibad, na biyu labarin ɗan sarkin da ya koma matafiyi mai yawon bara, na uku ɗan sarki da 'yar sarki, na huɗu biki a Bagadaza da fashewar jirgi a jikin dutsen da mutum-mutumin tagulla ke bisa kansa.

Take biyu ne ke riƙe da kiɗan. Da farko ana jin taken Sarki, manyan ƙahoni da manyan goge suna faɗinsa baki ɗaya da kakkausar murya. Sai a yi tsit. Sai gogen Turawa guda ɗaya tilo ya taso da siririyar murya, wani babban molo mai tsarkiya da yawa yana amsa masa. Wannan shi ne taken Shaharazad, kuma yana dawowa a kowane babi, kamar yadda mai tatsuniya ke dawowa da ga ta nan ga ta nanku. A ƙarshe taken Sarki yana saukowa ƙasa-ƙasa, gogen kuma ya haye can sama ya tsaya a kan amo ɗaya har ya ɓace. Ta tsira ke nan.

Daga baya mai kiɗan ya cire sunayen babukan daga wani bugu na rubutaccen kiɗan. A littafin tarihin rayuwarsa ya bayyana cewa bai so mai sauraro ya ɗaure kansa da labari guda ba, nufinsa kawai ya ɗan nuna wa tunanin mutum hanya. Masu buga faifai dai ba su saurare shi ba, har gobe suna rubuta sunayen.

ABIN DA TAKARDA BA TA FAƊA BA

A nan akwai bambanci da abin da muka saba. Makaɗinmu na gargajiya in ya sake waƙa yakan ƙara ɗiya, ya rage wata, ya sako sunan wanda ya shigo fili. A kiɗan Turawa na manyan ayari kowane amo a rubuce yake, makaɗa wajen tamanin suna kallon takarda, madugu yana tsaye gabansu da 'yar sanda. To daga ina bambanci zai fito?

Yana fitowa daga abin da alƙalami ba ya iya kamawa. Takarda za ta ce a yi sauri, ba za ta iya tilasta wa kowa gwargwadon saurin ba. Za ta ce a sassauta, ba za ta faɗi tsawon numfashin da za a ja kafin amo na gaba ba. Shi kuma Rimsky-Korsakov da gangan ya bar wurare a buɗe. A farkon babi na biyu akwai wani dogon abin busa na itace mai kaurin murya da ake kira basun, shi ne ke buɗe labarin matafiyin, kuma an rubuta masa cewa ya busa yadda ya ga dama, kamar mai ba da labari. Can gaba ana sakar wa kilarinet linzami ya yi ta zuba, masu goge suna tsinkar tsarkiya da yatsa suna jiran ya gama. Uwa uba gogen Shaharazad, wanda shugaban masu goge na ayarin ke kaɗawa shi kaɗai. Wani yakan mai da ita mai kissa, wani mai tsoro, wani mai natsuwar wadda ta san ta riga ta ci nasara. Shi ya sa mai tarin faifan wannan kiɗa ba ya tsayawa ga sunan madugu, sai ya tambayi wane ne ya riƙe gogen.

ZAMANIN GARMAHO

Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai a 1887, shekara guda kafin a rubuta Shaharazad. Sai dai har zuwa 1925 babu makirufo a wannan sana'a. Makaɗa kan cunkushe a gaban wani babban mazurari, ƙarfin amonsu ne ke girgiza allura ta yanki kakin zuma. Ƙananan amo ba sa kamuwa, manyan goge masu kaurin murya ma ba sa fita, har akan maye gurbinsu da ƙaho. Kiɗa irin wannan, wanda armashinsa ke cikin launin muryoyi, ba ya jin daɗin wannan hanya.

Da aka fara naɗa da lantarki a 1925, Leopold Stokowski da ayarin Filadelfiya suna cikin na gaba-gaba. A 1927 suka naɗi Shaharazad, suka sake a 1934. Faifan wancan lokaci yana juyi 78 a minti, kuma kowace fuska ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai ba. Ke nan kiɗan minti 45 sai an yanka shi wajen gida goma sha biyu, a faifai kamar shida. Makaɗa su tsaya a tsakiyar guguwar teku, a sauya kaki, su ci gaba. Mai sauraro a gida shi ma ya tashi ya juya faifai. Akan sayar da su a cikin wani kundi mai aljihuna irin na ajiye hotuna, kuma daga nan kalmar albam ta shigo harkar kiɗa. Kusan a ce garmaho ya mai da Shaharazad ga ainihin dabararta, ta yanke labari a inda ya fi daɗi.

Waɗannan faya-fayai da wani irin ƙaro ake yin su, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da maƙwabtanta. Suna da nauyi, kuma da sun faɗi sai su tarwatse. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙaron ya yi wuya, har aka riƙa tattara tsofaffin faya-fayai ana narkarwa don a buga sababbi. Wanda ya fasa ɗaya daga cikin shida kuwa ya rasa wani yanki na labarin. Da yawa daga abin da muke iya ji yau na wancan zamani ya tsira ne saboda wasu mutane sun ƙi rabuwa da kundinsu.

Wanda ya saurari naɗin 1927 zai ji wani abu da ya ɓace daga baya. Masu goge suna zamewa daga amo zuwa amo, suna jan yatsa a kan tsarkiya maimakon su ɗaga shi. A lokacin wannan shi ne gwaninta. Bayan shekara talatin aka koma ganinsa a matsayin ƙauyanci. Babu inda aka rubuta a yi ko a bari, zamani ne ya sauya, faifai kuma ya riƙe shaida. Stokowski shi kaɗai ya naɗi wannan kiɗa sau biyar: 1927, 1934, 1951, 1964 da 1975, na ƙarshen yana da shekara 92. Mai tari da ya jera su biyar yana jin yadda mutum ɗaya ya ba da labari ɗaya tsawon kusan shekara hamsin, yana kuma jin yadda na'ura ta girma tare da shi.

Akwai wani reshe na tarihin da ya biyo ta dandalin rawa. A 1910 ƙungiyar rawa ta Sergei Diaghilev ta ɗauki kiɗan ta yi wasa da shi a birnin Paris, aka ɗora masa wani labari na cin amana da kisa a cikin gidan sarki, wanda ba shi mai kiɗan ya nufa ba. Matarsa, wadda ya rasu ya bari, ta nuna rashin yardarta. Amma wasan ya karɓu ƙwarai. Madugai biyu da suka yi aiki da wannan ƙungiya, Pierre Monteux da Ernest Ansermet, duk sun naɗi kiɗan fiye da sau ɗaya, kuma masu tari kan ce a hannunsu ana jin ƙafar mai rawa, kiɗan ba ya jan jiki.

BEECHAM DA REINER

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda fuska ɗaya ke ɗaukar fiye da minti ashirin. Shaharazad ta shige faifai guda, babi biyu a kowace fuska. A 1958 faifan sitiriyo ya shiga kasuwa, mai raba sauti tsakanin lasifikar dama da ta hagu. Kamfanoni suna neman kiɗan da zai nuna ƙarfin sabuwar na'ura, sai suka yi rububin wannan. A wannan tsakani aka yi naɗi biyu waɗanda har yau su ne ake ja-in-ja a kansu.

Na farko shi ne na Thomas Beecham da ayarin Royal Philharmonic, a Landan, a 1957. Beecham yana da shekara 77 a lokacin, mai gogensa kuwa, Steven Staryk ɗan Kanada, bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Halin Beecham shi ne sakar wa makaɗansa mara. Mai basun da mai sarewa da mai kilarinet kowa yana magana da muryarsa, kamar dattawa a zaure, babu mai katse wani. Babi na uku a hannunsa yana tafiya a hankali, da wata irin kunya, kamar saurayi da budurwa da ke satar kallon juna.

Na biyu shi ne na Fritz Reiner da ayarin Shikago, wanda kamfanin RCA ya naɗa a watan Fabrairu na 1960, Sidney Harth yana riƙe da goge. Reiner ɗan asalin Hangare ne, an san shi da tsanani, 'yar sandarsa ba ta motsi da yawa amma makaɗa na tsoron idonsa. A hannunsa komai a ɗaure yake tamau. Babi na huɗu, bikin Bagadaza, yana gudu kamar doki a filin sukuwa, masu ƙaho suna sarrafa harshe da saurin da ke da wuyar yarda, kuma babu wanda ya yi tuntuɓe. An ruwaito cewa a zama ɗaya suka naɗi wannan babi, ba tare da an yanka an haɗa ba. Sa'ad da jirgi ya daki dutse aka buga babban farantin tagulla, sai mai sauraro ya ji kamar ɗakin ne ya tsage.

Wanne ya fi? Fiye da shekara sittin ke nan ana wannan tambaya. Masu son Reiner na cewa Beecham ya cika sanyin jiki a inda ake son tashin hankali. Masu son Beecham na cewa Reiner ya nuna mana rundunar Sarki amma bai bar mu mun zauna kusa da mai ba da labarin ba. Mu a namu ganin kowane ɓangare ya ji daidai, domin kiɗan yana ɗauke da takobi yana kuma ɗauke da lallashi, kowane madugu ya zaɓi wanda zai sa a gaba. Wanda ya san ɗaya kawai zai ɗauka haka kiɗan yake. Sai ya ji na biyun zai gane cewa abin da ya ɗauka dole ne, ashe zaɓi ne wani ya yi.

MUTANEN RASHA DA WAƊANDA SUKA BIYO BAYA

A Tarayyar Sobiyet, ƙasar da kiɗan ya fito, salon daban ne. A 1947 Nikolai Golovanov ya naɗe shi da ayarin gidan wasa na Bolshoi, mashahurin mai goge David Oistrakh ya zama muryar Shaharazad. Yevgeny Svetlanov ya yi nasa a 1969. Ƙahonin makaɗan Sobiyet na wancan lokaci suna da kaifi da wata rawar murya wadda ba a ji a Landan ko Shikago. Haka basun ɗin Faransa ya bambanta da na Jamus, tun daga ƙira har zuwa amo. A tsofaffin faya-fayai mai kunne kan gane ƙasar ayari kafin ya duba rubutu, kamar yadda muke gane Basakkwace da Bakano daga gaisuwa. Yau ayarori sun yi kama da juna sosai, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa ake komawa ga tsofaffin.

Kirill Kondrashin ya bar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen 1978 ya nemi mafaka a Holan. A 1979 ya naɗi Shaharazad da ayarin Concertgebouw na Amstadam, Herman Krebbers yana goge. Ɗakin kiɗan nan ya shahara da daɗin amo, kuma naɗin ya haɗa zafin Rasha da tsabtar makaɗan Holan. Da yawa kan ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Kondrashin ya rasu a 1981, shekara biyu kacal bayan haka.

Sergiu Celibidache, ɗan Romaniya, ya ƙi yarda a sayar da faifansa a mafi yawan rayuwarsa, yana ganin kiɗa abu ne na lokacinsa da wurinsa. Bayan rasuwarsa a 1996 iyalinsa suka amince aka fitar da abin da aka naɗa a wuraren wasa. Shaharazad ɗinsa ta birnin Munich ta haura minti 50, tana tafiya kamar raƙumi da kaya. Wasu na ganin ya kashe labarin, wasu na cewa a wurinsa suka fara jin muryoyin da sauri ke binnewa.

Bayan kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, da faifan CD na 1982, sai aka fara waiwaye. A 2004 Jos van Immerseel da ayarin Anima Eterna na Beljiyam suka naɗi kiɗan da kayan kiɗa irin na zamanin mai shi, don a ji kusan abin da kunnen 1888 ya ji. Mace ce, Midori Seiler, ta riƙe gogen. Abin lura ne cewa a duk manyan naɗe-naɗen da muka ambata a baya maza ne suka ari bakin Shaharazad, saboda a lokacin kujerar shugaban masu goge kusan ta maza ce zalla. A 2014 kuma ayarin Borusan na Santambul ya fitar da nasa, aka sako kayan kiɗan Gabas irin su udu da ƙanun a ciki. Kiɗan da Bature ya yi yana hasashen Gabas daga nesa, ga mutanen Gabas sun karɓa sun sa masa hannu.

YADDA MASU TARI KE KWATANTAWA

Mai tari na gaske ba ya jin faifai goma daga farko har ƙarshe a jere, kunne zai gaji. Yakan zaɓi wuri guda, misali shigowar goge ta farko, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, ya ji ta a naɗi huɗu ko biyar. Sai ya koma ga basun na babi na biyu, sai fashewar jirgi, sai amon ƙarshe. Yana rubuta shekara, da gari, da sunan mai goge, da tsawon kowane babi.

Wasu sun zarce nan. Naɗi ɗaya kan fito a bugu da yawa, kuma ba su zama ɗaya ba. Faifan Reiner na asali, mai lamba LSC-2446, masu tari na duba ƙananan lambobin da aka zana kusa da tsakiyarsa don su san ko daga bugun farko yake. A nan ne sha'awar kan rikiɗe ta zama cuta, mutum ya koma sauraren allura da lasifika ya manta da Shaharazad. Wasu kuma sukan naɗa wa faifai ɗaya rawani su rufe kunne ga sauran. Duka biyun sun bar abin da ya kawo su.

Yau galibin waɗannan naɗe-naɗe suna kan intanet, wayar hannu ta isa. Wanda ke son gwadawa ya nemi Beecham 1957, Reiner 1960 da Kondrashin 1979, ya saurari mintuna uku na farko na kowanne.

KOMAWA GA LITTAFI

Shi kansa littafin da kiɗan ya fito daga ciki haka tarihinsa yake. Tushensa na komawa Farisa da Indiya, Larabawa suka raine shi a Bagadaza da Alƙahira. Antoine Galland ya fassara shi zuwa Faransanci daga 1704 zuwa 1717, kuma shi ya shigar da tafiye-tafiyen Sindibad, waɗanda da littafi ne mai zaman kansa. Labarin Alauddin da na Ali Baba kuwa daga bakin wani mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ji su a 1709. Mutum-mutumin tagullan da jirgi ya fashe a ƙarƙashinsa ma ba a labarin Sindibad yake ba, daga labarin ɗaya daga cikin 'ya'yan sarakunan nan matafiya uku Rimsky-Korsakov ya ɗauko shi ya haɗa. A wajenmu an fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Hausa tun zamanin Turawan mulki, sannan Abubakar Imam ya ɗebo daga wannan rijiya da wasunta a Magana Jari Ce, inda aku ke tsare ɗan sarki da labari. Babu mai karanta Imam ya ce ya san labarin don haka ba ya buƙatar ji.

Da yawa daga cikinmu kan ajiye alƙalami saboda an ce jigon da muka ɗauko tsoho ne, an riga an rubuta. Beecham da Reiner takarda ɗaya aka ajiye musu, ba su da ikon sauya amo ko ɗaya, amma ba mai rikita su. Inda aka yi sauri, inda aka ja numfashi, muryar da aka tura gaba da wadda aka mai da baya, a nan kowannensu ya sa hannunsa. Mu da muke da ikon sauya kowace kalma, filinmu ya fi nasu faɗi.

Wanda ya saurari ukun nan ya zo ya gaya mana wace Shaharazad ce ta fi kama da wadda ya sani a littafi, da dalilinsa.